Kawu Zai Zuba Miliyan 15 a Ƙungiyarmu, Amma da Sharaɗi

Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar gama kai ta manoman albasa a wajen Wurno. Mu 80 ne, kuma muna da rajista. Kowace shekara in munka cire albasa farashi ya faɗi, dole mu saida da araha don biyan bashin taki da na man inji, wadda munka zuba cikin rudu, ma'ajiyarmu ta gargajiya, kuma da yawa ta ruɓe kafin ta yi kuɗi. Sai munka yanke shawarar gina babban sito mai shan iska. An yi muna lissafin naira miliyan 20, abin da munka tara na hannun jari miliyan 5 ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, babban ɗan kasuwar albasa ne mai tura motoci Legas da Anaca. Ya ce zai zuba miliyan 15 a ba shi hannun jari, amma da sharaɗi ukku: ƙuri'arshi ta zama daidai kuɗinshi, a riƙa ba shi miliyan 3 kowace shekara ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma shi za a fara yi ma tayin duk albasar da ta fito sito. Ƙungiya ta rabu biyu. Wasu na cewa arziki ya biyo mu har gida, wasu na cewa zan saida su ga kawuna. Mutumin ga shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi man aure. In na ce a'a na zama butulu, in na ce i na ci amanar jama'a. Mi zan yi?

Magatakarda, Wurno

Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Allah ya saka wa kawu da alheri a kan riƙon maraya, ya sa ya tarar a mizani.

Ka ɗora wa kanka kayan da ba naka ba. Ba kai ne za ka ce i ko a'a ba. Aikinka riƙe littafi da rubuta abin da taro ya zartar, shigo da jarin wani kuwa magana ce ta babban taron membobi. Sharaɗin kawu na farko ma, ko duk ku 80 kun ɗaga hannu kun yarda, ba ku da ikon bayar da shi. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, ta ce kowane memba na ƙungiya irin taku ƙuri'a ɗaya gare shi, mai hannun jarin dubu 10 da mai na miliyan duk ɗaya. Ta kuma hana mutum guda ya mallaki fiye da kashi 20 cikin 100 na hannayen jarin ƙungiya. Ka ɗauki alƙalami ka gwada: ku kun tara miliyan 5, to abin da ya fi yawa da kawu zai iya sayen hannun jari da shi a matsayin memba naira miliyan 1 da dubu 250 ne. Miliyan 15 cikin 20 kuwa kashi 75 ne. Ka je ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha a Sakkwato, ka riƙe dokokin cikin gida da aka yi muku rajista da su, ka ce a nuna maka wurin, ka kuma nemi a ba ka a rubuce. Wannan takarda za ta yi maka amfani a gaban kawu fiye da duk wani lallashi, domin ba kai ka ƙi ba, doka ce ta ƙi.

Amma kada ka fake da doka ka tsaya nan. Ya kamata kai da mutanenka ku san abin da ya sa aka yi ta, don wata rana wani zai zo muku da dabarar kewaye ta.

Tun daga mutum 28, masaƙa da masu wasu sana'o'i, da suka buɗe ɗan kantinsu a Rochdale ta Ingila a 1844, har zuwa dokar farko da aka yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi a Najeriya a 1935, abin da ya raba ƙungiyar gama kai da kamfani guda ne. A kamfani mai jari daban, mai ciniki daban. A ƙungiya mai jarin shi ne mai cinikin. Ku dubi sitonku. Daga ina ribarsa za ta fito? Daga kuɗin ajiya da za a karɓa a kan kowane buhu. Wa zai biya? Ku. Idan aka sa naira 1,000 a buhu manomi ya ji daɗi, sito ya tashi da 'yar rara kaɗan. Idan aka sa 3,000 littafi ya nuna riba mai kauri, amma daga aljihun manomin aka zare ta. Muddin ku kaɗai ne, wannan ba abin faɗa ba ne, abin da aka karɓa da hannun dama a hannun hagu zai dawo ranar rabo. Ranar da wanda ba ya noma ya shigo da jari, kowace naira da aka sauƙaƙa wa manomi an rage masa ita ne, kowace naira da aka ƙara masa kuma manomi ya biya. Ba sai ɗayanku ya zama mugu ba. Zaman da kuka yi ne ya sa kowa yake ja gefensa.

To ka ɗora sharaɗi na uku a kan wannan. Kawu ba mai jari ba ne kawai, mai sayen albasa ne. Da ƙuri'a kashi 75, shi zai yanke kuɗin ajiya, shi zai faɗi ranar da za a buɗe sito, shi kuma zai saya. Ai duk hikimar gina siton ita ce ku daina sayarwa a watan Maris da Afrilu lokacin da albasa ta cika kasuwa, ku jira har ta yi wuya wajen ƙarshen shekara. Mai saye kuwa babu abin da yake so irin a buɗe da wuri. Ko da an cire maganar ƙuri'a, wannan "a fara yi mini tayi" da ake gani kamar ƙaramar alfarma ce, tana korar masu saye. Wane falke ne zai ƙona mai ya zo daga Kano ko Illela ya zauna ciniki, alhali ya san duk farashin da ya taya za a kai wa Alhaji, idan ya ce ya saya shi ke nan? Shekara biyu za su yi su daina zuwa. Daga nan mai saye ɗaya gare ku, kuma kun san yadda farashi yake zama a hannun mai saye ɗaya.

Akwai kuma abin da kunya ba za ta bar ka ka faɗa a taro ba, bari ni in faɗa. Allah ya ja kwanan kawu, amma hannun jari dukiya ce, ana gadonta. Yau kuna hulɗa da mutumin da ya san iyayenku, yana jin nauyinku. Gobe magada ne, wataƙila a Abuja suke zaune, abin da suka sani lamba ce a takarda. Duk yarjejeniyar da ba za ku iya zama da ita da magada ba, kada ku sa mata hannu don kuna ganin girman mai ita.

Sharaɗi na biyu ba ya buƙatar dogon bayani a garin malamai. Mutum ya ba da miliyan 15, a lamunce masa uwar kuɗinsa, a kuma riƙa ba shi miliyan 3 a shekara ko an samu ko ba a samu ba, wannan bashi ne da ya jawo amfani, ko da an rubuta "hannun jari" a saman takardar. A ƙiradi, wato mutum ya ba wani dukiya ya juya a raba riba, mai dukiya yana da kaso ne daga ribar da aka samu, rabi ko sulusi ko abin da aka shirya, ba wani adadi yankakke ba, idan kuma aka faɗi ba tare da sakaci ba dukiyarsa ce ta taɓu. Ku kai wa malamin da ku da kawu kuka amince da shi, ku karanta masa sharaɗin yadda yake. Ko an ajiye fiƙihu gefe, lissafi ma bai yarda ba. Ka tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa. Ka tuna farkon 2021 da aka dakatar da kai kayan abinci Kudu, yadda albasa da tumatir suka yi kwantai a kasuwannin Arewa. Ka tuna rufe iyakar Illela a 2023. A irin wannan shekara daga ina za ku fito da miliyan 3? Karo-karo za a yi, naira 37,500 a kan kowane memba, a shekarar da ko kuɗin taki bai mayar ba.

Duk da haka ban ga laifin kawu ba, kuma ina so masu cewa za ka sayar da su su ji wannan. Ka sa kanka a matsayinsa. An ce ka kawo miliyan 15, a ba ka ƙuri'a ɗaya cikin 81, riba sai abin da taro ya ga dama, kuma kafin a raba komai doka ta ce a ware rubu'in ribar a asusun ajiyar ƙungiya. In kana son kuɗinka babu kasuwar da za ka kai hannun jarin ka sayar. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda? Sharuɗɗansa uku tsoro ne ya haife su: kada a ci kuɗinsa, kada ya zauna ba riba, kada ya gina sito abokan hamayyarsa su mora. Tsoro ne na gaskiya. Maganin da ya kawo ne bai yi ba.

Matsalar ba taku ba ce ku kaɗai. Ko'ina a duniya ƙungiyoyin manoma suna kaiwa inda buri ya fi aljihun membobi, shi ya sa aka ƙirƙiro wani nau'in hannun jari na masu zuba kuɗi daga waje, daban da na membobi. Faransa da Italiya duk sun buɗe wannan ƙofa a 1992, amma kowace ta sa mata iyaka: a Italiya ƙuri'un masu jarin waje gaba ɗaya ba za su wuce sulusi ba, a Faransa kashi 35 cikin 100. Wasu ƙungiyoyin ma ba sa ba su ƙuri'a ko ɗaya, sai dai a fara biyansu riba kafin membobi. Lokacin da bankin ƙungiyoyin gama kai na Kenya ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nairobi a 2008, ƙungiyoyin sun haɗa nasu wuri guda sun riƙe wajen kashi 65, suka bar wa jama'a sauran.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na manoman alkama na lardin Saskatchewan a Kanada. Tun shekarun 1920 suka kafa ƙungiyarsu, Saskatchewan Wheat Pool, don kuɓuta daga hannun 'yan kasuwar hatsi, ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan masu hada-hadar hatsi a ƙasar. A 1996 suka sa hannayen jari marasa ƙuri'a a kasuwar Toronto. A takarda manoma ba su rasa komai ba, ƙuri'a tana hannunsu. Amma kuɗi ya shigo da yawa, shugabanni suka shiga gina manyan rumbuna na kankare, suka zuba jari har a Poland da Meziko, bashi ya taru, manoma kuma suka fara ganin ƙungiyar ta fi kula da farashin hannun jari a kan farashin alkamarsu, da yawa suka koma sayar wa wasu. A 2003 da ƙyar ta tsira daga durƙushewa. A 2005 ta daina zama ƙungiyar gama kai ta koma kamfani, a 2007 ta zama Viterra, a 2012 kamfanin Glencore ya saye ta. Waɗannan ba su ba da ƙuri'a ba ma ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma idan jarin mutum ɗaya ya ninka naku sau uku, ko ba shi da ƙuri'a, tarinsa ma sai an saurara.

Na san akwai wanda zai ce, to mu yi rajistar kamfani daban, ƙungiya da kawu su zama masu shi. Ku yi hattara. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ba ta yarda da hannun jari marar ƙuri'a ba, kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya ne. Manyan ƙudurori kuma, irin su sauya dokokin kamfanin, kashi 75 na ƙuri'u suke buƙata, daidai abin da kawu zai riƙe. Wato abin da dokar gama kai ta hana shi, ku ne za ku kai masa da hannunku ta wata ƙofar.

Ga abin da nake ba ku shawara. Kada kawu ya sayi hannun jarin ƙungiya, ya sayi kason gini. Ku zuba miliyan 5, ya zuba 15, a gina sito, a rubuta cewa rubu'in ginin na ƙungiya ne, kashi uku nasa. Sai ƙungiya ta karɓi hayar kasonsa, tana biyansa kuɗin haya sananne kowace shekara. Ka ga ya sami abin da yake nema a sharaɗi na biyu, kuɗi mai shigowa da ya san adadinsa, amma ta hanyar halal, domin haya ce ta abin da ya mallaka, kuma idan iska ta yaye rufi ko gobara ta tashi asarar tana kansa gwargwadon kasonsa. Sannan kowace kaka ƙungiya ta sayi wani yanki na kasonsa, haya tana raguwa, har ginin ya zama naku. Bankunan Musulunci suna amfani da wannan tsari wajen sayen gidaje, ba baƙon abu ba ne. Malamai suna son takardar haya daban, alkawarin saye daban, don haka kada a cakuɗa su. Shi da gini, ku da ƙungiya: nawa za a karɓa a buhu, yaushe za a buɗe, wa za a sayar wa, duk wannan yana nan a hannun taronku. Idan yana son zama memba kuma ya cika sharuɗɗan dokokinku, ya shigo da ƙuri'arsa ɗaya kamar kowa.

Ku ma sai kun yi masa adalci. Kada ku ce bayan shekara biyar miliyan 15 ɗinsa za ku mayar masa cif. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kowa ya san buhun siminti na bara ba shi ne na bana ba. A rubuta cewa duk lokacin da za a sayi yanki, masana gini biyu za su yi wa siton kuɗi, ɗaya naku ɗaya nasa. A ba shi damar ganin littafin sito duk wata uku, da rahoton mai binciken kuɗi na shekara. A rubuta cewa ba za a sayar da ginin ko a jinginar da shi ba sai da sa hannunsa. A fayyace filin na waye tun kafin a haƙa tushe, domin rigimar fili ta fi ta gini tsawon rai. Albasa kuwa ya zo ya taya a fili ranar buɗe sito tare da sauran masu saye, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Mutumin da yake da motocinsa a ƙofar sito ya riga ya fi kowa dama, ba ya buƙatar alfarma a rubuce.

Kafin ku je masa da wannan, ku zauna ku yi wa kanku lissafi mai ɗaci. Haya da kuɗin sayen kaso duk daga buhunku za su fita. A ce kuna ajiye buhu 6,000 a shekara, aka cire naira 500 a kowanne don sayen kaso, miliyan 3 ke nan, ban da haya, ban da mai gadi, ban da 'yan dako da masu tsince ruɓaɓɓiya. Wannan naira 500 a rubuta wa kowane manomi ita a matsayin ƙarin hannun jarinsa, kada ta zama kuɗin da ya ɓace. Idan bambancin farashin kaka da na ƙarshen shekara, bayan an cire wadda ta ruɓe da wadda ta rage nauyi, bai ɗauki wannan kaya ba, to siton miliyan 20 ya fi ƙarfinku a yanzu. Ku gina na miliyan 8 ko 10 a yadda za a iya ƙara masa ɗaki daga baya, kawu ya zuba rabi ko ƙasa da haka. Ni da za a bi tawa, wannan na fi so, don sito ba ya hana ruɓa shi kaɗai. Albasar da aka ɗura wa taki, aka shayar har ranar cira, ba a bar wuyanta ya bushe ba, ko ina aka sa ta sai ta ruɓe. Gara ku koyi riƙon ƙaramin sito da kuɗin da za ku iya asararsa. Akwai kuma wani tarko: membobin da bashin taki ya shaƙe ba za su iya jira wata shida ba ko da sito kyauta ne. Idan ba ku tanadi ɗan abin da za a ba su su rage zafi ranar da suka kawo kaya ba, masu hali ne kawai za su ajiye, sauran su biya kuɗin ginin da ba su mora ba.

Saura kai. A taro na gaba ka miƙe ka faɗa da bakinka abin da kowa ya sani: mutumin nan kawuna ne, shi ya riƙe ni, don haka na cire hannuna daga wannan ciniki. A zaɓi mutum uku su yi magana da shi, a sa ɗaya daga cikin masu adawa mafi zafi a ciki, mataimakinka ya rubuta bayanin zaman, kai kuma kada ka jefa ƙuri'a ranar yanke hukunci. Wannan ba gudu ba ne. Duk yarjejeniyar da ta bi ta hannunka, ko ta fi zuma daɗi, za a ce ka ci wani abu, ranar da aka sami saɓani kuma kawu zai ce kai ka jawo shi.

Amma kada kawu ya fara jin labari a bakin kwamiti. Ka je gida ka same shi bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka watse, ka zauna ƙasa yadda ka saba. Ka ce masa: "Kawu, Allah shi ƙara girma. Na bincika maganar ga, an nuna man doka ba ta bari mutum guda ya riƙe fiye da kashi 20, ga takarda. Ina tsoron ku zuba dukiyarku inda in rigima ta taso ba ku da madafa. Akwai hanyar da za ta tsare muku kuɗinku, ginin ya zama da sunanku, jama'a za su zo su yi muku bayani." Babu ƙarya a ciki. Hannun jarin da ya saɓa doka shi zai fara cutarwa, domin ranar da aka kai ƙara gaban darakta takardarsa ba za ta tsaya ba. Maganar miliyan 3 kuwa kada ta fito daga bakinka, ba ɗa ne zai ce wa kawunsa yana neman kuɗin ruwa ba. Ka bar wa malam. Idan ya ce ai tsakaninmu ba sai an yi rubutu ba, ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Yana iya yin fushi ya ce ya fasa. Idan sitonku da ribar haya yake so, zai dawo bayan ya huce, don tayin da kuka yi masa mai kyau ne. Idan ya ce lallai sai da ƙuri'a da fara tayi ko kuwa a bar maganar, to albasar yake so a hannunsa, kuma gara ku gane haka yanzu da ba a sa bulo ko ɗaya ba. Kai dai kada ka rage zuwa gaisuwa, kada ka fasa aikensa, kada ka bari maganar ƙungiya ta shiga tsakaninsa da mahaifiyarka in tana raye. Bana ku gyara rudunku, ku fara cire naira 500 ɗin tun daga wannan kakar ko da kawu ko ba shi, ku kai dokokinku ofishin darakta a duba ko suna ba ku ikon karɓar kuɗi daga wanda ba memba ba da iyakar abin da za ku iya karɓa, in ba su bayar ba a gyara su a babban taro kafin wani mai kuɗin ya ƙwanƙwasa ƙofa.